Daga Berger zuwa Kara: yadda 'yan wan-cans suka ɗauki wani ɗan kasuwar waya a zuwansa Legas na farko

'Yan wan-cans su ne ɓarayin da ke fitowa a mota kamar direba da fasinjoji, su ɗauki mutum su yi masa fashi a ciki. Wanda abin ya faru da shi ɗan yayata ne, matashi mai natsuwa da bai kai shekara 30 ba, yana tsaron shagon ubangidansa a kasuwar waya a Kano kuma yana da ɗan nasa jarin a gefe, su caja da iyafis da gilashin waya da batir. Ba zan kama sunansa ba, amma da izininsa nake rubuta wannan, shi da bakinsa yace Kawu in dai zai hana wani faɗawa a rubuta kawai. Abinda yasa nake ganin lamarin ya kai a zauna a warware shi dalla-dalla shine yaron ba sakarai bane, ba ya shaye-shaye, ba mai yawon dare bane, a Kano ya san lungun da ba a fito da waya bayan magariba, ya san irin adaidaita sahun da in ka ga fuskokin da ke ciki gara ka haƙura ka jira na baya. Duk wannan sanin gaskiya ne, amma sanin Kano ne, bai bi shi Legas ba.

Yadda aka tsara tafiyar

Ubangidan nasa shi ya saba zuwa Computer Village, babbar kasuwar waya da ke Ikeja a Legas, saro kaya da kansa, to wannan karon rashin lafiya ta hana shi, sai yace yaro yaje ya gwada hannunsa. Kuɗin da ke kan tafiyar iri uku ne kuma wannan rabon shi ne zuciyar labarin gaba ɗaya, dan Allah a riƙe shi. Na farko kuɗin maigida, wanda su ne masu yawa, shi kuma yace ba zai tura ba sai yaro ya isa ya ga kaya da idonsa sun yi ciniki, sannan ya yi tiransfa kai tsaye zuwa ga dila. Na biyu jarin yaron na kansa. Na uku sautu, kun san halin kasuwa, da an ji za ka Ikko kowa sai ya taso, wannan a sayo masa sikirin, wancan caja katan ɗaya, wani ma waya guda yake so. Duk suka tura masa cikin asusunsa ɗaya tilo, wanda katinsa ke cikin walat ɗinsa, manhajar bankin na cikin wayarsa, layin da ke karɓar alat ma shi ne a cikin wayar.

Masauki kuma an shirya, wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe a Agege yana harkar hatsi, zan kira shi Alhaji kawai. Agege ba baƙon wuri bane ga Bahaushe, akwai zango tun na kakanni, akwai Sarkin Hausawa, akwai mayankar Oko-Oba, in kana wasu layukan sai ka rantse a Fagge kake. Tsarin ya nuna motar za ta baro Kano da rana ta shiga Legas washegari da safe, Alhaji ya turo yaronsa tasha ya ɗauko shi, shikenan.

Tafiyar wajen kilomita 1,000 ba ta bin agogon kowa. Motar ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba, aka kwana ana neman bakanike, da aka gyara kuma aka tarar da tireloli sun toshe hanya ga ruwan sama, sai ga shi suna Badun da magaribar ranar da ya kamata ace tun hantsi yana Agege. Yana da fawa bank amma tun a hanya ya ara wa maƙwabtan kujera suka ƙarar, wayarsa ta koma ja. Kafin ta mutu sun yi magana da Alhaji, kuma ga abinda Alhaji ya faɗa masa kamar yadda su biyun suka maimaita min: ɗana tunda kun yi dare kada ka sauka ko'ina, bi motar har tashar ƙarshe, ka kwana a cikinta ko a masallacin tasha, da asuba zan turo a ɗauko ka. Yace to Baba.

Inda aka sauka daga layi

Mutanenmu da ba su taɓa zuwa ba suna ɗaukar Legas gari ɗaya ne mai ƙofa, kamar ka ce ga Dawanau an shigo Kano. Ba haka take ba. Jihar tana da ƙananan hukumomi 20, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ƙi yarda tace sun fi haka nesa, yau kuma duk wani kiyasi da za ka ji ya haura miliyan 15. Garin ya cika ya tumbatsa cikin jihar Ogun, su Mowe da Ibafo da Magboro da Sango Ota duk mutanen da ke kwana can da yawansu a Legas suke aiki, don haka mai shigowa ta babban titin Badun zai daɗe yana ganin gidaje da fitilu da gosulo yana zaton ya iso alhali yana Ogun. Sai ka wuce doguwar gada ka wuce kasuwar shanu ta Kara ka haye kogin Ogun sannan ka shigo Ojodu Berger, nan ne bakin Legas na gaskiya, kuma nan motocin nesa da yawa suke fara sauke fasinja.

A motar akwai wani fasinja da suka saba a hanya, sun ci abinci tare sun yi sallah tare, mutumin ya san gari. Shi ne yace masa ai in Agege za ka asara ce ka bi motar nan har ciki, gobe sai ka sake dawowa baya cikin gosulo, sauka a Berger ka hau ta Ogba, daga nan Agege ba nisa. Kuma wallahi maganarsa gaskiya ce, ban zargi mutumin da komai ba har yau, duk wanda ya san taswirar wurin haka zai ce. Shawara ce mai kyau ga ɗan gari da ƙarfe 2 na rana. Ga baƙon da bai taɓa taka wurin ba, da jaka a kafaɗa da matacciyar waya, ƙarfe 10 da rabi na dare ana yayyafi, shawarar banza ce.

Na tambaye shi, kai da Alhaji ya ce maka kada ka sauka me ya kai ka? Abinda ya faɗa min ya daɗe yana damuna. Yace Kawu kunya naji, dattijo kamar Alhaji ace zai tashi yaronsa da asuba ya ratsa gari saboda ni, ga shi ban taɓa yi masa komai ba, sai naga gara in kai kaina in rage masa wahala, kuma ina so in nuna wa maigida na iya. Ga gajiya ta kwana biyu a kujera, ga son ya kwanta a katifa. Ni a nawa ganin wannan kunyar ita ce ta kai shi, ba rashin wayo ba, kuma irin kunyar da muke yabon yaro a kanta ce a gida.

Cikin motar

Ya sauka, abokin tafiyar ya nuna masa da hannu can wajen da motocin Ogba suke lodi a cikin tasha ya kama gabansa. Kafin ya kai tashar sai wata ƙaramar mota ta rage gudu a gefen titi, ba danfo mai launin ɗorawa da baƙin zane ba, motar gida ce kawai, direban ya leƙo yana kiran Ogba Agege, saura mutum ɗaya. A gaba mace ce zaune da leda a cinya kamar wadda ta taso kasuwa, a baya maza biyu, ɗaya ma yana ta danna waya. Yace ganin matar nan ne ya kwantar masa da hankali.

Ga wani ɗan abu da ya kamata kowa ya lura da shi. Da ya buɗe ƙofar baya, na bakin ƙofar bai matsa ciki ba kamar yadda fasinja ke yi, fitowa ya yi ya tsaya cikin yayyafi yace masa da gurɓatacciyar Hausa shiga malam sannu da hanya, ni nan gaba kaɗan zan sauka. Ya shiga, mutumin ya biyo shi ya rufe ƙofa, sai ga shi a tsakiya, jakarsa a cinya, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa dama da hagu. Ba su yi tafiyar minti biyar ba gilasai suka tashi, na dama ya danna kansa ƙasa tsakanin gwiwoyinsa, na hagu ya ɗora masa wani ƙarfe mai sanyi a haƙarƙari, har yau bai san bindiga ce ko wuƙa ko sifana ba, sannan suka goga masa man zafi a ido. Matar nan ta gaba ita ce ta zuge ledarta ta fito da na'urar POS.

Sun ɗauki walat, sun ɗauki waya suka jona ta a cajar mota har ta kawo. Suka nemi lambar sirrin kati, ya ɗan yi jim, aka kwaɗa masa mari biyu da har yanzu in sanyi ya yi kunnen na damunsa, ya faɗa. Suka kama yatsansa suka buɗe wayar, suka buɗe manhajar banki suka ga balas, daga nan babu sauran ƙarya da zai yi. Suka cira har suka kai iyakar abinda banki ya yarda a fitar a rana, sai suka ci gaba da zagaye da shi, yana jin motar tana hawa gada tana sauka tana tsayawa tana tashi, suna hirarsu da Yarbanci da burokin, sai da 12 na dare ta gota sabuwar rana ta shiga lissafin banki sannan suka kwashe sauran. Bayan nan suka tsaya a wani wuri mai duhu suka turo shi waje ba jaka ba waya ba walat.

A nan zan tsaya in yabe shi, don wasu a gida sun ce ai da ya yi kokawa, ƙato da shi. Wannan maganar wanda bai taɓa shiga hannu bane. Mutum huɗu, ƙofa a kulle, ido a rufe, mota na gudu, wa za ka kama? An sha jin waɗanda irin waɗannan mutanen suka wurgo daga mota tana tafiya, a Legas da Abuja duka, wasu ba su tashi ba. Ya ba da lambar, ya yi shiru, yana ta Hasbunallahu a zuciyarsa, ya fito da ransa da gaɓoɓinsa. A duk daren nan wannan ne abinda ya yi daidai ɗari bisa ɗari.

Mai shayi a Kara

Inda suka jefar da shi gefen babban titin Badun ne ta ɓangaren Ogun, wato sun maida shi baya ta hanyar da ya shigo. Ya bi gefen titi yana lalube idonsa na zubar ruwa manyan motoci na wuce shi, har hancinsa ya fara jiyo warin kashin shanu, can kuma ya ji ana magana da Fulatanci da Hausa. Kasuwar Kara ce. Wani mai shayi da bai riga ya tashi ba shi ya zaunar da shi a benci, ya ɗebo ruwa a buta ya dinga zuba masa a ido yana cewa kar ka murza, kar ka murza ɗan'uwa, ya haɗa masa shayi da burodi bai karɓi ko sisi ba, sannan ya miƙa masa ƙaramar wayarsa yace kira gida. Bai ma tambaye shi me ya faru ba, da ganin idon ya gane.

Nan wata matsalar ta fito. Lamba ɗaya ce tak a kansa, ta mahaifiyarsa. Ta Alhaji tana cikin waya, ya kuma rubuta ta a takarda amma takardar tana cikin jaka. Ya kira uwar tsakar dare, kun san yadda hankalin uwa zai tashi, ita ta kira ni tana kuka, ni na kira Alhaji, Alhaji ya kira wayar mai shayin yace a riƙe masa yaro kar ya motsa sai gari ya waye. Layin gaggawa na Legas 767 ne da 112, kyauta ake kira, amma yaron bai taɓa jin su ba.

Kuma satar ba ta ƙare da jefar da shi ba, wannan ne mutane ba sa ganewa. Layinsa na hannunsu, babu makulli a kan sim ɗin, WhatsApp ɗinsa a buɗe. Kafin azahar ta washegari da aka samu aka rufe layin sun bi sunayen da ke wayar suna tura saƙo da sunansa, wai yana Legas kuɗin kaya sun gaza a taimaka masa da wani abu zuwa jibi ga asusun dila, kuma da yake kowa a kasuwa ya san da gaske yana Legas saro kaya wasu abokansa sun tura ba su ko kira ba. Sun ci bashin kati a layin. A gida kuma babu wanda ya san lambar asusunsa balle yadda ake toshe shi daga wata wayar, alhali bankuna suna da irin wannan lambar ta gaggawa, da an sani tun ƙarfe 2 na dare da an rufe wata ƙofar.

Da safe Alhaji da kansa ya zo Kara, ba yaro ya turo ba. Suka je wajen 'yan sanda, sai maganar hurumi ta taso, an ɗauke shi a jihar Legas an yar da shi a jihar Ogun, dole aka koma ɓangaren da abin ya fara aka ba da rahoto a can. Lambar mota bai gani ba, kalar motar ma cewa ya yi ko toka ko shuɗi. Aka karɓi takardar rahoto, aka yi takardar rantsuwa a kotu, da su da lambarsa ta NIN aka dawo da layi aka shigar da ƙorafi a banki. Kuɗin sun riga sun bi ta POS sun rarrabu cikin asusu daban-daban, abinda aka iya tarewa kaɗan ne ƙwarai.

Abinda ya tafi da abinda ya tsira

In ka jera asarar za ka ga abu ɗaya a fili. Jarinsa ya tafi, sautun mutane ya tafi, waya ta tafi. Kuɗin maigida, waɗanda suka fi duka yawa, ko naira ba ta yi ciwon kai ba, don ba su taɓa hawa motar ba, suna Kano suna jiran a ga kaya. Ba wata dabara ce ta zamani ba, tsohon ɗan kasuwa ne kawai da ya san ba a haɗa kuɗi da matafiyi a aljihu ɗaya. Da mun ɗauka tunda an daina ɗaure takardun kuɗi a ƙugu an koma tiransfa to ɗan fashi ya rasa abin ɗauka, ashe yanzu ma duk dukiyarka ce a aljihun gaba, a da sai abinda ka ɗauko za a ƙwace, yanzu har wanda ka bari a banki. Mai zuwa babban gari ya kamata wayar da ke hannunsa a titi ta zama ba ta san babban asusunsa ba. Ƙaramin asusu na kuɗin mota da abinci, kati ɗaya, iyakar fitarwa a rage ta tun daga gida, sim a sa masa lambar sirri, manyan kuɗi kuma su zauna wajen wani amintacce sai an kira shi da murya ya tura.

Sai maganar alamomin motar wan-cans da ake ta yawo da su, wai in gilashi mai duhu ne, in maza ne zalla, in babu hannun buɗe ƙofa ta ciki. Ban ce ƙarya bane amma ni ban yarda mutum ya jingina rayuwarsa a kansu ba, su ma ɓarayin suna jin abinda ake faɗa, shi yasa suka sa mace a gaba da ledar cefane. Baƙon da ya gaji, cikin duhu da ruwa, ba zai tsaya duba hannun ƙofa ba. Abinda ya fi tabbas shine inda ka hau motar. Motar da ke lodi a cikin tasha tana bin layi, 'yan kamasho sun san direban, sun karɓi kuɗinsu a hannunsa, gobe ma zai dawo. Wadda ta tsaya maka a gefen titi tana cewa saura mutum ɗaya babu wanda ya san ta. Tazarar da ke tsakanin inda yaron nan ya hau motar da cikin tashar ba ta kai tafiyar minti uku ba.

Kuma ba na so wani ya karanta wannan yace Legas garin ɓarayi ne ko Yarbawa ne suka yi masa. A motar har da mai jin Hausa, kuma mu da muke fama da masu ƙwacen waya da wuƙa a Kano ba mu da bakin zagin garin wani. Miliyoyin mutane suna fita da asuba su dawo da dare lafiya kullum a Legas. Bambancin su da shi, su sun san wace mota, wane lokaci, wace kwana.

Sauran kwanakin a hannun Alhaji

Maigida yace tunda ya isa kuma kuɗin kaya na nan to ya tsaya ya gama abinda ya kai shi, kuma ina ganin ya kyauta, da ya juyo a ranar da ƙila ba zai sake yarda ya fita ko Kaduna ba. Alhaji ya haɗa shi da wani yaronsa haifaffen Agege mai jin Yarbanci kamar ruwa, ya kafa musu doka, a fita bayan gari ya waye a dawo kafin magariba, ba a tsallaka babban titi a ƙasa inda akwai gadar masu tafiya a ƙafa don jami'ai na kamawa ga kuma motoci ba sa tsayawa, in rigima ta tashi ko an ga mutane na gudu ba a tsayawa kallo kuma ba a bin ayari a makance. Wannan ta ƙarshen yana da dalilinsa, yana garin ranar 27 ga Janairun 2002 da rumbun makamai na barikin Ikeja ya fashe, mutum sama da 1,000 suka rasu kuma mafi yawansu ba bam ne ya kashe su ba, gudu suka yi cikin ruɗani suka afka magudanar ruwa ta Oke-Afa. Ya kuma ga rikicin Idi-Araba a 2002 da na kasuwar Mil 12 a 2016, don haka in yace a zauna a gida yau to a zauna.

Zirga-zirga kuma ya nuna masa abubuwan da baƙo zai fi samun natsuwa da su. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari, jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege yana tsayawa a Ikeja, wato daga masaukinsa zuwa kusa da kasuwar da ya zo dominta. Akwai manyan bas na BRT da suke aiki tun 2008, da katin Cowry ake biya. Su ma ba a ce a saki jiki ba, a 2022 wata budurwa ta hau BRT da dare daga wajen Lekki ita kaɗai ta rage a ciki, daga baya gawarta aka tsinta, don haka ko wace irin mota ce in ta zama ba kowa sai kai da dare to ka sauka inda akwai jama'a. In dole sai ƙaramar mota, a kira ta Uber ko Bolt a duba lambar mota ta yi daidai da ta cikin waya a tura wa wani bayanin tafiyar. Acaɓa kuwa, duk da yawancin masu yi 'yan uwanmu ne kuma zuciya za ta fi kwanciya da su, tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana shi a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara su Oshodi da Mushin, kuma dokar ba ta bar fasinja ba.

A Computer Village ɗin ma yaron Alhaji bai bari ya kula masu tare mutum a bakin titi suna jan riga ba, kai tsaye shagon dilan da maigida ya saba da shi suka wuce, aka ƙirga kaya aka rubuta rasit maigida ya tura kuɗi daga Kano, kayan kuma aka kai tasha aka yi musu webil, wato takardar aika kaya, suka taho daban shi ya taho daban. Wayar hannu da ya saya ta maye wadda aka sace sai da aka danna *#06# aka rubuta lambar shaidar wayar da ta fito (IMEI) a jikin rasit, don wayar titi mai araha wataƙila ta wani ce da aka yi wa irin abinda aka yi masa, ranar da aka bi sawunta kai za a kama.

Maganar sautu

Da ya dawo Kano sai aka shiga wani babin mai wuya, kuɗin mutane. Masu sautu suka kasu biyu. Wasu suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amana ce a hannunsa ba bashi ba, wanda aka ba amana kuma ba ya biya in ta salwanta ba da sakacinsa ba, sun yafe. Wasu suka ce a'a, mai masaukinsa ya ce masa kada ya sauka ya sauka, in wannan ba sakaci bane to menene sakaci? Aka zauna gaban dattawan layinsu a kasuwa har da wani malami da suke sallah a bayansa, ni ma na je a matsayin kawunsa. Yaron bai ɓoye komai ba, shi da kansa ya faɗi maganar Alhaji da yadda ya saɓa mata, alhali da ya yi shiru babu wanda zai sani.

Malamin yace fashi da makami ba abu ne da mutum ke iya turewa ba, amma saɓa umarnin wanda ya san gari shi ma ba za a share shi ba, don haka ya ba da shawarar sulhu maimakon hukunci. Aka tsaya a kan zai biya rabin kuɗin duk wanda bai yafe ba, kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata, maigida ya ɗauki nauyin kaso ɗaya daga ciki tunda shi ya aike shi, abokan da suka tura kuɗi ta WhatsApp kuma aka ce wannan tsakaninsu da ɓarayi ne don ba shi ya roƙe su ba. Dattawan suka ƙara da cewa daga yanzu a layin nasu duk mai ba da sautun Legas ya riƙe kuɗinsa sai ɗan aike ya isa ya kira shi daga shagon dila. Yana kan biya har yanzu, saura mutum biyu.